Rasuwar Goggo, Rakodar Shagon Kuramochi

Da zuciya mai nauyi, wadda baƙin ciki ya cika har baki, Kuramochi Teruo, mai shagon kofi da tsofaffin kaset a lungun bayan tashar jirgin ƙasa ta Koenji a birnin Tokyo, yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki da duk mai son jin kukan jita rasuwar rakodarsa, wadda aka fi sani da Goggo. Ta cika ranar Asabar da la'asar, a kan kantar da ta zauna shekara talatin da wani abu, tana bakin aikinta, da kaset a cikinta.

Marigayiyar ta shigo hannunsa tun yana saurayi mai gashi har kafaɗa. Ba kyakkyawa ba ce. Baƙa ce, mai faɗin ƙirji, kuma maɓallinta na mayar da kaset baya ya karye tun kafin ya yi aure, sai dai a juya da fensir. Amma a duk faɗin unguwar ba a san na'urar da ke ƙara wa waƙa armashi kamarta ba. Samari da 'yan mata masu sababbin ƙungiyoyin kiɗa sukan naɗi waƙoƙinsu a kaset don kawai su kawo mata. Sai ta ce ƙwas, ta yi shuuu kamar mai jan numfashi, sannan ta saki kiɗan da wani irin karsashi, ka ga masu waƙar suna duban juna, suna mamakin yaushe suka ƙware haka. Ba ta taɓa raina kowa ba. Ƙungiyar da ta watse kafin a san da ita, da wadda aka kafa jiya a ɗakin kwanan ɗalibai, hidima ɗaya take yi musu.

A cikin duk kaset ɗin da suka ratsa ta, babu wanda ta riƙe kamar na Lemar Laraba, wata ƙungiya da ta yi kaset ɗaya tak ta ɓace. Kuramochi ya tsince shi ne a kwandon kayan gwanjo. Babu hoton kowa a jiki, sai zanen lema da sunaye. Mai jita, Onodera Sachie. Mai waƙa, Kaoru. Tun ranar da Goggo ta fara fitar da muryar Kaoru, siririya, garau, kamar ta yarinyar da ke dariya a ƙasan ruwan sama, Kuramochi bai sake zama daidai ba. Ya nemi labarinta a shagunan kaset daga Tokyo har Osaka bai samu ba. Da matarsa Fumie ta haifi 'ya mace, ya roƙi a sa mata Kaoru. Fumie ta dube shi, ta dubi rakodar, ta ce ta ji, amma shi zai riƙa wanke ƙunzugu.

Ciwon ajali ya fara ne da damina. Goggo ta soma tari a tsakiyar waƙa, wani lokaci ta yi gyangyaɗi sai an ɗan bubbuga mata kafaɗa. Kuramochi ya goge mata kai da auduga, ya ɗiga mata mai, ya matsar da ita daga tururin kofi. Ta ɗan farfaɗo.

Ana cikin wannan jinya ne Riko, mai ganga a wata sabuwar ƙungiya da ake kira Kifin Gwangwani, ta ɗauki kwalin kaset ɗin tana juyawa, ta ce, "Maigida, wannan Onodera Sachie ai ita ce mai sayar da tofu, awarar nan, a garinmu Yamagata. Tana da wata jita a rataye a bayan firji."

Riko ta aika mata saƙo. Makonni kaɗan bayan haka Onodera-san, kamar yadda ake kiranta don girmamawa, ta sauka daga jirgin Yamagata, dattijuwa gajeriya, da ɗaurin tofu a hannu. Ta ce nata kaset ɗin ya salwanta a wata ƙaura, kuma Kaoru ya daɗe da rasuwa, ba ta da ko ɓurɓushin muryar. Kuramochi bai lura da yadda ta faɗi maganar ba, don kalmar rasuwa ta toshe masa kunne. Ya shiga bayan kanta ya share hawaye, ya gyara wuyan riga, sannan ya danna maɓalli a gaban Fumie da 'yarsu da 'yan Kifin Gwangwani.

Goggo ta ce ƙwas. Ta ja numfashinta. Jita ta ɓarke, siririyar muryar ta biyo baya.

Onodera-san ta karkata kai. "Wannan wace yarinya ce?"

"Kaoru ce mana," in ji Kuramochi. "Mai waƙarku."

"Kaorunmu ƙato ne, bawan Allah. Babbar motar kifi yake tuƙawa, gemunsa har nan. Kuma waye ya ce maka mun iya kiɗa da wannan saurin? Ai da yatsuna sun zube. Akwatin nan naka gudu yake yi."

Goggo dai ta ci gaba da abinta. Fumie ta sa tawul ta toshe baki. 'Yarsu Kaoru ta ce, "Baba, sunan direban kifi ka sa mini?" Riko kuwa ta juya ga 'yan ƙungiyarsu a hankali ta ce, "Shi ya sa a nan kaɗai kiɗanmu yake da daɗi."

Masu makoki sun yi imani marigayiyar ta ji duk abin da aka ce. Domin a daidai nan ta yi wani ɗan tari, ta fara sassauta gudu. Jitar ta lafa. Muryar yarinyar ta riƙa saukowa, tana kauri, har ta sauka a kan muryar wani namiji mai taushi, mai ɗan dishi-dishi, yana waƙar wani da ya manta lemarsa a jirgi da gangan don ya sami dalilin komawa. Onodera-san ta ajiye kofinta.

"Ga shi nan," ta ce, sannan ta kira shi da sunan shaƙuwa. "Kaoru-chan, ga ka nan."

Baiti guda aka ji shi sosai, kamar yana zaune a kujerar kusa da taga. Daga nan muryar ta ci gaba da nutsewa, ta koma gurnani, wuuu, wooo. Aka ji ƙurrr a cikin Goggo, zaren kaset ya naɗe mata hanji, 'yar jar fitilarta ta mutu. Kuramochi ya bubbuga mata kafaɗa, ya kira sunanta, ya cire wayar wuta ya mayar. Mai gyaran rediyo na ƙarshen layi ya zo ya leƙa cikinta, ya cire hularsa. Ya ce ba za a raba ta da kaset ɗin ba sai an fasa ta ko an tsinke shi. Kuramochi ya dubi Onodera-san, don haƙƙinta ne. Ta share ido da bayan hannu ta ce, "Ku bar su tare. Mutum ne mai son wurin kwana mai ɗumi."

Marigayiyar ta bar mai riƙonta Kuramochi, wanda har yanzu bai yanke shawarar wanda yake wa kuka ba. Ta bar lasifika biyu, ɗaya kurma. Da fensirin da ya yi mata hidima har ya gajarce. Da kaset masu ɗimbin yawa, waɗanda yanzu babu wanda ya san ainihin saurinsu. Da ƙungiyoyi da dama da suka shiga ɗimuwa tun da suka ji kansu a wata na'urar.

Za a yi jana'iza ranar Lahadi da hantsi a shagon. Malamin haikalin unguwa, wanda ya saba yi wa tsofaffin allurai da 'yan tsana addu'ar sallama, ya yarda zai zo, bisa sharaɗin ba za a tambaye shi ra'ayinsa kan kiɗa ba. Za a kunna turare, a ci tofu. Ana roƙon masu ta'aziyya kada su kawo sabuwar rakoda, kada kuma kowa ya ce ai yanzu komai yana cikin waya. Kaoru 'yar gidan ta nemi kada a yi mata jaje daban.

Bayan addu'a, Onodera-san za ta sauko da jitarta ta ƙarasa waƙar daga inda ta tsaya, Riko na buga mata ganga. Kuramochi ne zai rera, tunda shi kaɗai ya haddace baitocin. An yi ta fama da shi ya sauke murya irin ta marigayi direba, amma da ya buɗe baki sai ta yarinyar ta fito, don ita ya sani. Duk wanda dariya ta kama a lokacin, ƙofar baya a buɗe take. Zai tarar da Fumie a can.