Ranar Da Kwamiti Ya Manta Almakashi

Jama'a, ranar Asabar ɗin da ta wuce an buge mini hannu a bainar mutane, da furfurata da komai. Ba aljihun kowa na laluba ba. Littafi na taɓa, a wurin da aka manna takarda mai faɗin bango aka rubuta "Makon Karatu: Zo Ka Sayi Littafi". To na zo, na miƙa hannu, sai mai gadin ɗakin taro ya ɗora mini sanda a kan yatsu.

"Baba, ba a taɓawa."

"Saya zan yi, ɗana."

"Ba a sayarwa."

"To me ake yi da su?"

"Ana jiran Babban Baƙo."

Sai a lokacin na lura an kewaye teburan littattafan kaf da jan ƙyalle, daga bakin ƙofa har gindin dandamali. Masu sayarwa suna ciki, mu masu saye muna waje, muna kallon juna kamar an kai ziyara gidan yari. Dokar Kwamitin Farfaɗo Da Karatu ke nan, Allah ya ƙara musu basira: ba a buɗe littafi, ba a sayar da littafi, sai Mai Girma Babban Baƙo ya yanke ƙyallen nan da hannunsa mai albarka.

Ni dai kun san sana'ata gyaran agogo, shi ya sa nake da mugun halin nan na yarda da abin da aka rubuta a takardar gayyata. An ce ƙarfe goma, na iso goma saura kwata. Kuma ba don kaina na je ba, don maƙwabcina Tela na je, wanda shagonsa ke manne da nawa.

Shekara goma sha ɗaya Tela yana rubuta littafi. In ciniki ya lafa sai ka ji keke ya yi shiru, ka leƙa ka same shi ya duƙufa a kan takarda, tef ɗin awo rataye a wuya. Shekara goma sha ɗayan nan kuma mahaifiyarsa, Inna, ba ta fasa yi masa gori ba. Duk zuwan da za ta yi shagon sai ta ce, "Ubanka da allura ya rufa mana asiri, kai kuma ka zauna kana zane-zane kamar marar aikin yi." Bana dai littafin ya fito, kuma Kwamiti ya sa sunansa a jadawalin taro, zai karanta shafi biyu a gaban jama'a. Inna ba ta karatu, idonta ma yanzu ya yi rauni. Ya so ya karanta mata a gida ta ƙi. Ta ce in abin arziki ne a faɗe shi a gaban mutane, ita ma ta ji tare da kowa. Da ƙyar ya lallabo ta, da sharaɗin ƙarfe biyu daidai za ta tashi, don bayanta ba ya jure dogon zama.

Na karɓi jadawalin na duba. Na ɗaya, isowar baƙi. Na biyu, isowar manyan baƙi. Na uku, isowar Babban Baƙo. Sai jawabai bakwai, sai yanke ƙyalle, sai ɗaukar hoto. Can ƙasa, kusa da sunan kamfanin da ya buga takardar, na hango: "Karatu daga bakin marubuci, idan lokaci ya bari."

Na ce, "Tela, ka ga wutsiyar nan?"

"Na gani, maƙwabci."

"Ka tuna baiwar Allahn da ta zo karanta waƙoƙinta bara?"

Ya tuna. A baran, ana gama ɗaukar hoto manya suka fice, mai lasifika ya zare wayarsa, ita kuwa ta karanta baitocinta ga masu tattara kujeru. Tela ya miƙe. Ya zaro almakashinsa daga aljihu, don tela ba ya rabuwa da shi, ya yanke igiyar kwalin littattafansa, ya jera su a tebur, ya dawo ya zauna kusa da Inna.

Sha ɗaya ta yi, sha biyu ta wuce. Fankar ɗakin guda ɗaya ce ke aiki, ita ma tana saman kujerun laushi na gaba, inda ba kowa. Wata malamar makaranta ta kawo ɗalibanta aji guda, sun yi layi suna leƙen bangon littattafai daga bayan ƙyalle, har suka gaji suka zube a ƙasa. Wani dattijo mai sayar da tsofaffin littattafai ya yi ta yi mini alama da ido, ya turo wani ƙaramin littafi da ƙafa ta ƙarƙashin tebur. Ni da na zo saye da halaliyata, sai ga ni ina waige-waige kamar mai sayen kayan sata. Mai gadi ya yi gyaran murya, dattijo ya janye ƙafarsa.

Kada ku ce ina kushe Kwamiti. Sun yi aiki. Kowane ɗan kwamiti da sabuwar riga iri ɗaya, an ɗinke hoton buɗaɗɗen littafi a ƙirji. An buga hoton Babban Baƙo ya fi ƙofar ɗakin tsawo, yana riƙe da littafi yana murmushi. An kawo furannin roba, an kawo jar darduma. Wanda ya ce ba a kashe wa karatu komai a garin nan, ya zo ya ga dardumar nan.

Ƙarfe ɗaya da minti goma muka ji jiniya. Aka miƙe tsaye. Ashe ba Babban Baƙo ba ne, wani muhimmin uzuri ya riƙe shi, ya turo wakili. Wakilin ma uzuri ya riƙe shi, ya turo nasa wakilin. Wannan bawan Allah, Mai Girma Wakilin Wakili, shi ya tako jar darduma yana duba agogo, agogon da na hango tun daga nesa na san ba ya tafiya.

Aka shiga jawabai. Kowane mai jawabi sai ya gaida manyan da ke wurin ɗaya bayan ɗaya da cikakkun muƙamansu, ya gaida waɗanda ba su zo ba, sannan ya sanar da mu cewa matasan yanzu ba sa karatu. Bakwai suka faɗa mana haka, yara kuwa na zaune a ƙasa taku uku daga littattafan da aka hana su taɓawa.

Biyu saura kwata Inna ta fara laluben sandarta.

"Kai, ni fa bayana ya ƙage. Ina karatun naka?"

"Inna, saura kaɗan."

"Tun hantsi kake cewa saura kaɗan. Da ɗinki ka zauna ka yi, da yanzu ka gama riga biyu."

Na ga idon Tela ya kaɗa. Wallahi tausayinsa ya kama ni, har na rasa inda zan sa idona.

Sai sanƙira ya ɗaga murya: lokacin yanke ƙyalle ya yi. Aka taso da Wakilin Wakili, masu hoto suka durƙusa, wata 'yar kwamiti ta taho da faranti lulluɓe da farin mayafi. Shugaban Kwamiti ya yaye mayafin da ƙasaita. Faranti wayam.

Ashe almakashin taro yana cikin durowar ofis, mabuɗin durowa yana aljihun Sakatare, Sakatare kuma ya tafi tarbo Babban Baƙon da ba zai zo ba. An ce ba a fafe gora ranar tafiya, amma Kwamitinmu ko goran bai ɗauko ba. Wani ya kawo shawarar a kwance ƙullin da hannu, Shugaba ya ce hoto ba zai yi kyau ba. Wani ya miƙo abin yanke farce, aka harare shi. Mai gadi ne ya matsa ya raɗa wa Shugaba cewa ɗazu ya ga wani da almakashi.

Sanƙira ya ce, "Ina mutumin nan mai almakashi? Ya taimaka ya fito."

Haka aka kira marubucin garinmu zuwa dandamali, ba da sunansa ba, ba da sunan littafinsa ba. Tela ya miƙe a hankali. Na ga ya miƙa hannu ta saman ƙyalle ya ɗauki kwafi ɗaya na littafinsa, mai gadi ya buɗe baki ya rufe. Ya hau, Shugaba ya miƙo hannu, shi kuwa ya bar almakashi a aljihu, ya rusuna da ladabi.

"Ranka ya daɗe, ga shi nan, zan bayar. Sai dai ni ne na ƙarshe a jadawali, kuma tsohuwata za ta tashi ƙarfe biyu. A ba ni abin magana in karanta shafi biyu, sai a yanka."

"Malam, ana yankawa za ka yi karatunka."

"Ranka ya daɗe, bara ma ina nan."

Shugaba ya dubi Wakilin Wakili, shi kuma ya dubi mataccen agogonsa. Ba hoto, ba shaidar ya zo. Ba almakashi, ba hoto. Idan kiɗa ya canza, dole rawa ta canza. Da hannunsa Shugaba ya karɓi abin magana daga sanƙira ya miƙa wa Tela.

Ya fara karatu. Labarin shekarar da ruwa ya ci unguwarsu ne, wata uku bayan rasuwar mahaifinsa. Kowa na ɗibar tufafi da tukwane, wata mata kuwa ta kwance kan keken ɗinkin mijinta, ƙarfe mai nauyin tsiya, ta ɗora a ka, ta goya ɗanta, ta ratsa ruwa har ƙirji. Maƙwabta na ce mata ta yar da ƙarfen ta tsira, ta ce wannan ƙarfen shi ne uban yaran nan yanzu. Yaran da ke zaune a ƙasa suka daina wasa. Har masu hoto suka sauke na'urorinsu.

Sai muka ji an buga sanda a ƙasa.

"Ba haka aka yi ba!"

Inna ce tsaye, bayan da ya ƙage ya miƙe sarai.

"Ba kai na goya ba, ƙanwarka ce. Kai kana riƙe da gefen zanena kana tsala ihu, har ka kusa tuɓe ni a gaban mutane."

Ɗaki ya kwashe da dariya, har Wakilin Wakili. Ni da nake kusa da ita na ga hawaye na bin kumatunta, ba ta ko share ba. Tela ya tsaya da littafi a hannu.

Ta ce, "To me ka tsaya yi? Ci gaba mana. Ina ji."

Ta koma ta zauna. Ƙarfe biyu ta yi ta wuce, ba ta nemi sandarta ba. Shafi biyu aka yi alkawari, shida ya karanta, ba wanda ya iya katse shi, don almakashin na aljihunsa. Da aka yanke ƙyalle manya suka yi hotonsu suka fice, mu kuma muka afka wa tebura. Kafin la'asar kwalin Tela ya ƙare, Inna na zaune a gefe tana gaya wa duk wanda ya saya cewa akwai gyara a wurin goyon nan, kuma ɗanta ne ya rubuta.

Jiya na ji Kwamiti ya zauna ya yi bitar taron, ya gano inda aka samu matsala. An yanke shawarar baɗi za a sayi almakashi uku, a raba wa mutum uku, don kada irin wannan abin kunya ya sake faruwa. Na tambayi wanda ya kawo mini labarin, wane abin kunyar, mantuwar? Ya ce a'a, karatun.