Surin Layin Makaranta

A wani daji da ba ya rabo da taron majalisa ko da rafi ya ƙafe, akwai wani layi da ya raba gidajen ƙananan dabbobi da makarantar 'ya'yansu. Ta nan garken ɓauna ke gangarowa shan ruwa a guje kowace hantsi. Tabawa, uwar wani ɗan kunkuru mai suna Mati, kullum sai ta tsaya a bakin layin har ɗanta ya haye.

Iyaye suka yi ta kai kuka har majalisa ta gaji, ta ɗora wa Injiniya Raƙumin Dawa gyaran layin. Ya duba daga sama, ya auna, ya kawo rahoto.

"Ranki ya daɗe," ya ce wa Giwa, shugabar majalisa, "faɗin layin nan taku uku ne kacal, ni da kaina na gwada. Matsalarsa ɗaya, wani ƙaton suri da gara ta gina a tsakiya. Muni gare shi, kuma yana sa garke ya rage gudu. A rushe shi, hanya ta miƙe sambal, ɓauna su wuce da sauri, yara su huta."

Aka tafa. Aka kuma yanke shawarar jin ra'ayin yara, wato su zo ranar rushe surin su yi waƙa, ɗayansu ya miƙa wa shugaba ƙwaryar ruwa. Ƙuri'a ta faɗa kan Mati.

Ranar ta zo. Manya suka jeru a inuwar makaranta, Mati kuwa yana tsallake, da ƙwarya a bayansa. Ya kama hanya. Yara suka rera waƙar suka gama, suka sake, Mati bai kai rabi ba. Giwa ta fara fifita da kunne.

"Injiniya, ba taku uku ka ce ba?"

Bai kai ga amsawa ba ƙasa ta ɗau rawa. Garke! Tabawa ta ƙwalla ƙara: "Wayyo ɗana!" Mati bai ko ɗaga kai ba. Ya karkata ya lafe a gindin surin, garke ya dare biyu ya wuce ta dama da hagu. Da ƙura ta lafa sai ga shi ya fito yana atishawa, ko ruwan bai zubar ba. Tabawa ta zube tana hamdala, hawaye shaɓe-shaɓe.

Giwa ta sunkuyo har goshinta ya kusa taɓa ƙasa, abin da ta shekara arba'in ba ta yi ba. "Yaro, wa ya koya maka wannan?"

Wata 'yar bushiya mai suna Kande, sarkin surutun ajinsu, ta riga shi.

"Ranki ya daɗe, ai duk haka muke yi. Daga gida zuwa suri, mu huta, mu saurari ƙasa, sannan mu ƙarasa. Da za a ƙara biyu ma da mun fi so, ɗaya wajen gidan su Mati. A sassabe ciyawar kwanar can kuma, ba ma hango komai. Ku kuna gani, mu sai dai mu ji."

"To me ya hana ku faɗa?"

"Waƙa aka ce mu yi."

Giwa ta yi gyaran murya, ta ce kowane ɗan majalisa ya kwanta rub da ciki ya dubi layin daga nan. Kai, ranar an sha kallo! Raƙumin Dawa ya daɗe yana neman inda zai ajiye wuyansa. Da ya samu, sai ya ce lallai layin ya ƙara faɗi tun bayan awonsa.

Yara suka zana sabon layin a ƙasa da tsinke, manya na bin su a baya. Aka sassabe kwana, aka roƙi gara ta ƙara suri biyu. Yanzu garke tafiya yake yi kamar masu rakiyar amarya, Tabawa kuma daga ƙofar gida take sallamar ɗanta, ta koma kan girkinta.

A ƙarshen shekara majalisa ta karrama Injiniya saboda hangen nesa, aka raɗa wa tsohon surin sunansa. Ba a gayyaci gara ba.