Yadda Ake Sa Hannu a Takardar Malama Ba Tare da an Karanta Ba

Kai uban ɗan firamare, matso kusa. Duk Litinin malama na cusa takarda a jakar yaronka, mai bayanin abin da aji zai koya a makon: karatu, lissafi, da tarihin mutanen asalin ƙasar nan. Na san ba ka karantawa, kada ka wahalar da kanka da rantsuwa. Bi matakan nan, na ba ka tabbacin za ka shekara ana yi maka kallon uba nagari, idonka bai sauka kan layi ɗaya ba. Maƙwabcina Clifford Daigneault ya bi su tun buɗe makaranta har tsakiyar sanyi, da shi za mu riƙa misali.

1. Manna ta a firij

Takardar da ke jikin firij kowa ɗauka yake an karanta ta. Manna ta daidai tsayin idon baƙo. In ka ga dama ɗiga mata shayi, shaida ce cewa an zauna an yi nazari.

2. Tanadi amsa uku

“Madalla.” “Haka ne.” “Tambayi mamanki.” Babu ilimin da ya fi ƙarfin waɗannan. Ranar da Tenille, 'yar Clifford mai shekara takwas, ta yanka gurasar kakarta gida huɗu, ta tambaye shi in ya cinye uku kashi nawa ya rage, cewa ya yi “Madalla”, na huɗun na bakinsa.

3. Sa hannu kana kallon wasan hoki a talabijin

In takardar na da tambaya a ƙasa, zaɓi “E”. Mai cewa “A'a” shi malama ke bugo wa waya. Clifford ya zaɓi “E” ranar Litinin, idonsa na kan talabijin. Ranar Laraba ana cin abincin yamma Tenille ta ce, “Baba, na faɗa wa kowa. Har Brody ɗan ajinmu, da ya ce wai ƙarya nake.”

“Madalla. Me kika faɗa?”

“Cewa kai za ka zo Juma'a ka koya mana ƙirga ɗaya zuwa goma da harshen Cree. Malama Hrycan ta rubuta sunanka a allo.”

Clifford ɗan ƙabilar Cree ne gaba da baya, ɗaya daga ƙabilun asalin ƙasar nan, amma ƙirgarsa a uku ta tsaya, sai wasu kalmomi biyu na korar kare daga kicin. Ya buɗe baki zai ce ta tambayi mamanta, ya ga yadda yarinyar ke kallonsa, ya mayar ya rufe.

4. Nemi wanda za ka ɗora wa

Kowane gida na da tsohuwa mai ilimi. Ka san ƙa'idar Cree: ba a neman sani wurin dattijo hannu rabbana, sai da ɗan ƙullin taba a ƙyalle, in ya karɓa kuwa ya ɗauki alkawari ke nan. Dabarar ita ce ka sa ta karɓa kafin ta ji buƙatar. Clifford ya tarar da mahaifiyarsa Philomene tana kwaɓa fulawa, ya miƙa mata ƙullin kamar mai miƙa gishiri.

“Inna, ɗan riƙe min wannan.”

Ta mayar da hannuwanta baya. “Ni za ka yi wa wayo? Faɗi abin da ke tafe da kai tukuna.”

Ya faɗa, yana sosa ƙeya.

“Ba ni zuwa makaranta. Sunan wa ke allo?”

“Nawa.”

“To kai za ka tsaya. In koyo ka zo nema, miƙo.”

5. Kada ka tsaya jin dalili

Nan ne haɗari, masu bin hanyata da yawa nan suke faɗuwa. Clifford sai da ya tambaye ta me ya sa ba ta koya masa tun yana ƙarami ba. Ta ce a makarantar kwanan da aka kai su 'ya'yan Cree da ƙarfi, tana shekarun Tenille, an tsula mata bulala a tafin hannu don ta ƙirga maɓallan rigarta da harshen gidansu. “Na ce ɗana ba zai sha wannan ba. Ga shi ka tsira da hannunka, ka tashi ba baki.” Ta goge hannu, ta karɓi tabar. Tausayinta ya kama shi, kunya ta rufe shi. Ya yi kwana biyu yana ƙirga turakun lantarki a hanyar aiki, har abokin aikinsa ya tambaye shi ko lafiya.

6. Ranar Juma'a, tsaya kusa da ƙofa

Don gudu. Sai dai da Clifford ya shiga ya tarar da Philomene can baya kan 'yar kujerar yara, ko rigar sanyi ba ta cire ba. “Gurasa na kawo wa yara,” in ji ta. “Kuma in ga yadda za ka kunyata ni.”

Ya fara, yara ashirin da biyu na maimaitawa. Ɗaya zuwa shida ya tafi sumul. A bakwai kansa ya ɗauke ɗif. Brody ya fara murmushi, Tenille ta sunkuyar da kai.

“Tepakohp,” in ji wata murya daga baya, da ƙarfi, ba rawa a cikinta.

Yara suka juya suka amsa mata. Ita ta kai su goma, ta sa suka sake daga farko, ta gyara wa malama bakinta sau biyu. Shekara sittin rabonta da faɗin kalmar nan a cikin aji. Tenille ta zunguri Brody ta ce, “Babana ya iya shida. Kai nawa ka iya?”

Gargaɗi

Mai wannan rubutu ba ruwansa da abin da zai biyo baya. In ka wayi gari kana zazzage jakar yaro duk Litinin, ko kana zaune a kicin ɗin mahaifiyarka duk Lahadi ana yi maka dariyar furuci, kai ka jawo wa kanka. Clifford ya kai ashirin yanzu. Takardar makon nan sau biyu ya karanta ta, kuma da idonsa buɗe ya sake zaɓar “E”.