Mangwaron Ɗanlami Lasifika

Wani mutum ne a unguwarmu, Tudun Maƙera, ana ce masa Ɗanlami Lasifika. Ba sayar da ita yake yi ba, bakin ne. Ko albasa bai taɓa dasawa ba, amma ka ji shi a majalisa: "Ni fa in na tofa yawu a ƙasa, gobe sai a zo da lauje!"

Fili ɗaya ya rage mana, inda yara ke ƙwallo da langa. Darbejiya guda ce a cikinsa, tsohuwa, a gindinta Iya Gambo ke suyar ƙosai tun muna yawo ba wando. Hukuma ta ce ko a dasa itatuwa ya zama wurin wasan yara, ko a bai wa 'yan tasha. Ta aiko da dashen mangwaro arba'in.

Caraf! Ɗanlami ya naɗa kansa shugaban kwamiti.

"Ku bar mini. Nan da wata uku sai kun nemi rana da fitila a filin nan."

An ba kura ajiyar nama. Dashen nan ya hau a-kori-kura, sai gonarsa ta ƙauye.

Kwatsam ga takarda: jami'ar gandun daji, Malama Kubura, za ta zo dubawa ranar Laraba. Ido ya raina fata. Laraba da sassafe gogan naka ya haye darbejiyar da adda. Kaf! Kaf! Ya yi mata ƙwal-kwabo. Ya fiƙe rassa arba'in, ya kakkafa su layi-layi, kowanne da bulo uku a gindi. Wallahi har yanzu in na tuna bishiyar nan sai raina ya ɓaci.

Iya Gambo ta iso da kaskonta, ta ɗaga kai ta ga aika-aikar, ta girka kaskon a rana.

Da azahar baƙuwa ta sauka. Rana kamar ta dafa ƙwai, ganye duk ya langaɓe. Ɗanlami ya sha babbar riga, yana ta zuba.

Malama Kubura ta gyara tabarau. "Malam, ba mangwaro muka aiko ba? Na ga darbejiya."

"Ƙasarmu ce, ranki ya daɗe. Ƙarfi gare ta. Me ka ba ta, abin da ta ga dama take fitarwa."

"Ganyen fa, ya na ga ya kwanta?"

"Kunyar baƙi suke ji."

Da ya tsaya nan da sauƙi. Ina! Sai da ya nace a bi al'ada, babbar baƙuwa ta yi ban ruwan farko, a ɗauki hoto shi da ita. Aka kawo bokiti. Ta juye shaaa a gindin na farko. Ƙasa ta jiƙe. Reshe ya yi luuu, ya faɗo masa a kafaɗa, tim!

Ta ɗaga, ta dubi gindin, a fiƙe kamar turke.

"Ina saiwar?"

"Irin na zamani ne. Saiwar tana hanya."

"Tana gonarka dai," in ji Sallau direba daga cikin taro. "Ni na kai su, arba'in cif."

Iya Gambo ta nuna sama da matsaminta. "Hajiya, ɗaga kanki. Ga uwarsu can ya bari tsirara."

Wuri ya kaure da ihu, yara har da birgima. Malama Kubura ba ta ko murmusa ba. Ta ce kwana bakwai ta ba shi ya dawo da mangwaron yara, ya dasa da hannunsa, ya yi ta jido ruwa har su kama. In ko ɗaya ya mutu, shi zai tsaya gaban iyayen unguwa ya faɗa musu yadda fili ya zama tasha.

Ɗanlami ya yi tsuru-tsuru, gumi na bin babbar riga. Ya waiga hagu, ya waiga dama, yana neman inda zai fake. Ko inuwar zakara babu.

Iya Gambo ta tsuguna, ta ɗauki reshen da ya faɗi, ta miƙa masa.

"Ungo, shugaba. Riƙe a kanka, ka sha inuwar da ka dasa."