Yadda Malam Gwadabe Ya Sulhunta Fulani da Barebari

Idan ana lissafin bayin Allah da suka sadaukar da jin daɗinsu don fitar da mutanen fadamar Haɗeja daga duhu, duk wanda ya tsallake Malam Gwadabe ya ci amanar tarihi. Mutum ne da ya yi Midil a Kano, ya shiga jirgin ƙasa a tashar Malam Madori da ƙafarsa, ya kuma dawo da ransa. Alƙalami biyu ne a aljihunsa na gaba. Ɗaya ba ya rubutu, amma dama ba don rubutu aka saye shi ba. Yana da tabarau wanda babu likitan da ya san da zamansa. Mutane suka sa masa suna Malam Fitila, saboda ba ya buɗe baki bai ambaci hasken da ya kawo musu ba, shi kuwa ya karɓi sunan hannu biyu.

En'e, hukumar sarki, ita ce ta tura shi wata sabuwar elementare a wani ƙauye gabas da Kirikasamma, inda ruwa ke cinye hanya da damina, sauro kuma ya cinye malami. An yi masa alkawari: in Baturen makarantu ya zo bayan kaka ya tarar da aji cike, za a mai da shi birnin Haɗeja a ba shi hedimasta. Da wannan kujera yake kwana, da ita yake tashi.

Ajin kuwa cike yake. Ga 'ya'yan Mangawa, waɗanda kowa ke kira Barebari, ga na Fulanin ruga, ga na Badawa masunta, ga na Hausawa. Kowane yaro da harshe biyu ko uku a bakinsa. Malam Fitila, mai Hausa ɗaya da rabin Turanci, ya dube su ya ji tausayinsu ya kama shi.

"Daga yau," in ji shi, yana gyara tabarau, "babu yare a ɗakin nan. Ilimi ba ya jin gwalan-gwalan. Hausar Kano za ku yi, irin tawa, har Allah ya kai ku matsayin Turanci, in da rabo."

Duk wanda bakinsa ya suɓuce da yaren gidansu, sai a rataya masa busasshen kan tarwaɗa a wuya har a tashi. Kafin wata ya ƙare aji ya yi tsit kamar gidan makoki. Malam ya ce wannan shi ake kira ladabi, a Ingila ma haka ake yi.

Babban aikin alherinsa kuwa ya zo ne wata safiya, da ya tsinkayi wani yaro Bafulatani, Usman, yana cewa Fannami ɗan Barebari, "Kai bawana, riƙe mini allo." Fannami ya ce, "Je ka saniyarku ta riƙe maka, mai ƙafa kamar sillen kara." Yara suka tuntsire da dariya, abin da suka daɗe ba su yi ba.

Ba wai Malam bai taɓa jin wasan Fulani da Barebari ba, a Kano ma ana yi. Sai dai Midil ta wanke masa kai tas, har abin da kowace tsohuwa ta sani ya bi ruwa. Ya tsai da karatu, ya zane yaran biyu, sannan ya hau jawabi.

"Wannan ita ce gabar ƙabilu da na karanta a littafi. Allah ya sa ina nan. Ku yi musafaha, kowa ya ba ɗan'uwansa haƙuri. Daga yau duk Bafulatanin da ya ga Babarbare, ko a kasuwa ne, gaisuwar mutunci kawai. Wanda ya saɓa, bulala."

Ya koma gida ranar yana jin in da Gwamna zai ji labarin nan, da lambar girma ta biyo baya.

Ran kasuwa Usman ya bi ta gaban Yakaka, kakar Fannami, mai sayar da banda. Da can sai ya wafci kifi guda ya ce harajin baiwarsa ne, ita kuma ta bi shi da zagi har bakin rumfar mahauta. Yau sai ya durƙusa ya ce, "Ina wuni, Iya." Gaban tsohuwa ya faɗi. Ta tattara kifinta ta nufi gidan Bulama Umara, mai garin.

"Bulama, Fulani sun riƙe mu da wani abu. Ɗansu ya gaishe ni."

A can ruga ma wani makiyayi ya kai wa Arɗo Shu'ibu ƙara, wai 'ya'yan Barebari sun wuce shi ba wanda ya tambaye shi ko ya taɓa ƙoshi tun da aka haife shi. Ga shi lokacin ruwa ya janye, shanu na shirin gangarowa fadama ta gefen gonakin shinkafa, lokacin da ƙaramin abu ke zama babba. Nono ya daina shigowa gari. Samari suka fara kwana a gona da gora. Malam dai yana ta haddace jawabin tarbar Bature, mai taken yadda ya kashe wutar ƙabilanci shi kaɗai.

Bulama ne ya gaji, ya ɗauki sandarsa ya tafi ruga. Tun daga nesa ya ce, "Ina ɓarawon ciyawar nan?" Arɗo ya ji wani sanyi a ransa, ya ce, "Shigo, bawa, dama ina neman mai kwashe mini kashin shanu." Suka zagi juna har suka ƙoshi, sannan aka kira yara aka tambaye su. Kafin la'asar dattawan sun yanke shawara, Badawa da Hausawa ma suka ce da su a ciki, tunda su ma sun gaji da 'ya'ya masu warin tarwaɗa.

Ranar da Bature ya iso, Malam Fitila ya sha kwat a kan riga, zufa na bin sa. Ya buɗe ƙofar aji ya tarar da tabarmi da allo kawai. Jarumi ne, bai fasa jawabi ba. Ya kai daidai inda yake cewa ya haɗa kan ƙabilu huɗu, Bature ya katse shi da Hausarsa ta hanci.

"Malam, ina yara?"

Bulama ya amsa daga bakin taga. "Ranka ya daɗe, gaskiya ya faɗa. Tun da aka kafa garin nan ba mu taɓa haɗa baki a kan abu guda ba sai a kan malamin nan."

Maganar hedimasta ta mutu a nan. En'e ta kira shi Haɗeja, aka ba shi aikin ƙirga alli a sito. Da za shi, Arɗo da Bulama suka rako shi bakin kogi, don mutanen kirki ne. Kwalekwale na tashi gardama ta ɓarke tsakaninsu, wannan da Fulatanci, wancan da Barbarci, kowa na nuna Malam da yatsa. Arɗo na rantsuwa cewa wauta irin wannan sai jinin Barebari, Bulama na cewa a bincika, kakarsa Bafulatana ce.

Malam Gwadabe bai ji ko kalma ɗaya ba. Ya miƙe tsaye cikin kwalekwale, ya ɗaga musu hannu, idonsa ya ciko da ƙwalla, ya ce wa mai tuƙi, "Ka gani ko? Har sun fara faɗa a kan wa zai gaji sunana."