Motar da Ta Yi Zazzaɓi a Inuwa

"…to, da kwanan takaici, maigida?"

"Lafiya lau, amaryar shekara casa'in. Yaya haƙoran? Ragowar ukun nan sun tashi lafiya?"

"Sun tashi, suna gaishe ka. Sun ce in tambaye ka yaushe rabonka da kawo musu nama."

Ka ji su dai. Haka Sama'ilu da kakarsa Furera suke gaisawa tun bai iya ɗaura wando ba, ita tana ce masa miji, shi yana ce mata amarya. Amma a safiyar nan dariyar Sama'ilu iyakarta leɓe. Tun da aka sallame Asuba yake tsugune a gindin darbejiyar ƙofar gida, yana goge fitilun tsohuwar a-kori-kurar da mahaifinsa, marigayi Dabo, ya bar masa. Motar nan ita ce gona ta biyu a gidan. Ita take kwasar tumatir da albasar 'yan lambu zuwa Ɗambatta, ita take dawowa da awo. Ga shekara ta zo da wuya, fetur ya yi tashin gwauron zabo, kwanon gero sai wane da wane.

To a cikin wannan halin ne ta kwanta. Yana cikin tafiya jar fitila ta kama a mitar da ke gaban sitiyari, allurar zafi ta haye har ƙarshe. Wani bakanike a bakin titi ya leƙa ta taga, ya girgiza kai ya ce inji ya gama aiki, sai dai a sauke shi. Da me? Aka ɗauro mata igiya aka jawo ta gida, yau kwana tara ke nan.

Furera ta matso da butarta a hannu, tana kallonsa sama da ƙasa.

"Wannan goge-gogen fa? Biki za ta?"

"Bikin ƙarshe. Ɗan Iya zai zo bayan Azahar."

"Wane Ɗan Iyan? Mai sayen gwangwan?"

"Shi fa."

Sai ga buta a ƙasa, tim!

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Motar? Wannan motar za ka miƙa wa mai farfasa tukwane? Kai, an yi asarar haihuwa!"

"Da ke na so in haɗa masa. Ya ce ba ya sayen abin da ba ya motsa sikeli."

"Ɗan nema, mai ƙeya kamar ludayi! In ka sayar da ita me za mu ci, ƙeyar taka?"

"In na bar ta fa? Mu dafa tayoyin? Ba da son raina ba ne, tsohuwa. Inji ya mutu."

Nan muryarsa ta ɗan karye, don wallahi abin yana cin sa. Furera ta ji, amma ta yi kamar ba ta ji ba.

"Wa ya ce ya mutu? Ka yi masa wanka? Tashi ka nuna mini ciwon da idona."

"Ke da ba kya bambance gaban mota da bayanta?"

"Na bambance ka da jaki tun kana jariri, kuma aikin ba ƙarami ba ne. Tashi!"

Don dai a zauna lafiya ya shiga ya zura makulli. Rabonsa da yin haka tun ranar da aka jawo ta, don ko kallon mitar ba ya son yi. Ya murɗa sau ɗaya, bai tayar da inji ba. Nan take jar fitila ta kama, allurar zafi ta zabura ta manne a ja, ta fetur kuwa sai karkarwa take.

Furera ta zuro kai ta taga. "Me wannan tsinken yake cewa?"

"Yana cewa inji ya ɗau zafi, saura kaɗan ya kama da wuta."

"Yanzu?"

"Yanzu."

"Motar da ta kwana tara a inuwa? Buɗe mini bakinta."

Ya ɗaga bonet. Tsohuwa ta naɗe hannun riga, ta ɗora bayan hannunta a kan inji yadda ake taɓa goshin yaro, ta karkace kai tana saurare.

"Sanyi ƙalau, kamar randa. 'Ya'ya tara na raina, ban da ku 'yan baƙin ciki, ban taɓa tambayar tsinke ko yaro yana zazzaɓi ba. Goshi ake taɓawa. Motarka lafiyarta ƙalau, tsinkenka ne maƙaryaci. Halin mai shi ya ɗauko."

Sama'ilu ya taɓa injin. Ya koma ya leƙa allura. Ya sake dawowa ya taɓa injin. Bakinsa ya kasa rufuwa.

"La haula wala ƙuwwata illa billah! Injin da ba a tayar ba, ta ina zai yi zafi?"

"Ni kake tambaya, direba? Rufe bakin kada ƙuda ya yi ƙwai."

"Kwana tara! Kwana tara tumatirin mutane yana wuce ni a motar wasu, ashe ciwon a mita yake!"

"Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba. Daga yau ni ce bakanizar garin nan. A yi mini allo a kafa a ƙofar gida."

"A rubuta me? Ana gyaran mota da dukan jikoki?"

Bai jira amsa ba. Ya cire kan batir, ya ɗauko sukundireba, ya hau kwance notinan da suka riƙe mitar. Furera ta jawo turmi ta kife ta zauna, tana ta zuba kirarin kanta. Wai tun kafin a haifi uban bakaniken nan take gane ciwon jaki daga tafiyarsa. Wai da an sa ta a boko da yanzu jirgin sama take gyarawa.

Noti na uku yana fita sai kirari ya tsaya cak.

"Kai, maigida. Har can ciki za ka shiga?"

"Sai na ga bayanta. Wayoyin a can suke."

"To ka bi ta wancan gefen. Wannan gefen ba kyau."

"Ba kyau kamar yaya?"

"Haka dai na ji a jikina. Ka bari rana ta ɗaga mana. Ko ka karya tukuna? Akwai ɗumame."

Sama'ilu ya juyo ya dube ta da kyau. Matar da tun da yake ba ta taɓa yi masa tayin ɗumame ba sai da gori!

"Amarya, mai kaza a aljihu ba ya jimirin as."

"Kazar uwaka! Yi aikinka."

Ya zaro mitar a hankali. Sai ga ruwa yana ɗiga daga bayanta, ɗis, ɗis, a kan gwiwarsa. Soket ɗin da wayoyi suke shiga ya yi kore shar, ƙananan ƙarafunan cikinsa duk tsatsa ta haɗe su. Ruwa a cikin mita, da tsakiyar bazara, rabon garin da ruwan sama wata shida! Ya zura hannu cikin ramin don ya ji daga ina yake zuwa. Yatsunsa suka taɓa wani abu mai sanyi, mai laushi, a naɗe.

"Wayyo Allah, maciji!"

Ya fizge hannu, ƙeya ta daki rufin mota, ya faɗo waje da baya. Furera kuwa ko gezau. Ta ɗaga kai tana ƙirga ganyen darbejiya.

Wannan rashin firgitar ne ya tona mata asiri. Ya tashi ya kakkaɓe riga, ya sa sukundireba ya jawo abin. Ƙunshi ne na tsumma, sharkaf da ruwa. Ya kwance. A ciki ganye, a cikin ganye goro, farare manya guda bakwai, sai sheƙi suke.

"Goro?"

"Ikon Allah!" in ji Furera, ta tafa hannu. "Mota ta fara 'ya'ya. Kuma ita za ka sayar!"

"Goro a bayan mita?"

"Aljanu ne. Dama an ce darbejiyar nan da mutanenta."

"Aljanun nan da tsohon zanenki suke ƙunshi? Ga bakin zanen da na ƙona miki da garwashi ina yaro!"

"To sata suka yi mini, Allah ya isa!"

"Tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta. Rana dubu ta ɓarawo, tsohuwa. Ta ina kika saka?"

Ta ga ba mafita. Ta nuna da haɓa wajen ramin da rediyo yake a da, wanda aka toshe da kwali.

"Ta nan. In na tura shi can ciki ba mai gani."

"Ruwan fa?"

"Kai wane irin baƙauye ne? Goro yana zama ba ruwa? Kullum in ka tafi masallaci nake ɗan yayyafa masa. Da zafin nan ya tsananta sai na koma tsiyayawa."

Sama'ilu ya dubi butar da take yashe a ƙasa, ya ɗora hannu biyu a ka.

"Tsiyayawa! Da buta! A kan wayoyin wuta!"

"To mene ne? Kai ba kullum kake ɗura mata ruwa ta gaba ba? Ban ga ta mutu ba. Nawa ne guba?"

"Jama'a ku zo ku ji! Ana zaton wuta a maƙera, sai ta tashi a masaƙa. Ke kika kwantar da ita, ke kika gano ciwon, har kina neman a kafa miki allo!"

"Ai shi ya sa na fi bakanikenka. Shi ko ɗaya bai iya ba."

Ya so ya yi dariya, ya so ya yi kuka, ya rasa wanne zai fara. Saura sa'o'i kaɗan fa ya miƙa abincin gidan gaba ɗaya ga mai sikeli, a kan goro bakwai.

"Kawo asuwakinki."

"Ka yi me da shi?"

"Tara na ci ki. Dama haƙora uku ba sa bukatar itace guda."

Ta zaro shi daga ɗankwali ta jefa masa tana tsinuwa. Ya tsotso fetur ɗan kaɗan a murfin kwalba, yana yi yana tsaki don kowane ɗigo ji yake har ransa. Ya dinga tsoma bakin asuwakin yana goge ƙarafunan soket ɗaya bayan ɗaya, har koren ya fita, jan ƙarfe ya bayyana. Ya tsane ramin da busasshen tsumma, ya shanya mitar a kan bonet inda rana ta fara sauka. Daga nan sai jira.

Suka zauna a gindin darbejiya.

"Amma tsakani da Allah," in ji shi, "duk faɗin gidan nan, ga randa, ga ƙarƙashin gado, ga rumbu. Me ya kai ki mota?"

"'Yan roƙo. Kowa ya shigo, Iya a san mini goro."

"Ɗakinki da kwaɗo. Motar nan ko ƙofarta ba ta kulluwa."

Furera ta daɗe tana murza bakin zanenta. Ba ta taɓa kiran sunan ɗanta na fari ba, yau ma ba ta kira ba.

"Ubanka a nan yake ajiye mini. Duk ranar kasuwa in ya dawo, ba ya miƙo mini a hannu, kunya yake ji. Sai ya wuce ciki abinsa, ni kuma in zo in zura hannu in ɗauka. Shekara goma sha huɗu. Da ya tafi, ranar kasuwar farko na zo na zura hannu. Ba komai. Shi ne na ce to bari in dinga ajiyewa da kaina, in na zo da safe in tarar."

Tausayinta ya kama Sama'ilu har ya rasa inda zai sa idonsa. Wata goma yana jan motar nan, bai taɓa sanin akwai aikin da mahaifinsa yake yi da ita wanda shi bai gada ba.

Ya tashi ya taɓa mitar, ta bushe. Ya mayar da soket har ya ji ya ce ƙas, ya ɗaure notina, ya mayar da kan batir. Ya zauna a kujera ya yi bisimilla. Furera ta riƙe ƙofa da hannu biyu.

Ya murɗa makulli. Allurar zafi ta kwanta a ƙasa abinta, ko motsi. Ya ƙara murɗawa. Inji ya yi tari sau biyu, ya kama, jar fitilar ta mutu.

"Allahu Akbar!" Furera ta rangaɗa guɗa har kajin maƙwabta suka watse. "Ɗan Iya ya zo ya auna iska!"

"In ya zo ki ba shi ruwa ya koma. Ai kin iya ba da ruwa."

Ta tattara ƙunshin goron ta miƙo masa ta taga, kanta a sunkuye.

"Ungo. Na ɓata, na biya. Ba zan ƙara taɓa maka mota ba."

Bai karɓa duka ba. Ya laluba ƙarƙashin kujera ya jawo wani gwangwani mai murfi da yake tara notina, ya juye su a aljihu. Ya jera goron a ciki da ɗanyen ganyensa, ya danne murfin, ya ɗaga kwalin nan ya tura gwangwanin cikin ramin da hannunsa.

"Nan ne gidansa, nan zai zauna. Buta dai ta tsaya a waje." Ya sa giya, yana kallon gaba don kada su haɗa ido. "Ranar kasuwa in na dawo, kada ki tare ni da surutu. Ki bari in shige ciki, ki zo ki zura hannu."

Furera ta buɗe baki za ta rama, kalma ta ƙi fitowa. Karo na farko ke nan a tarihin gidan. Sai ta fashe da dariya, hawaye yana bin kumatunta, ta daki ƙofar motar da tafin hannu.

"Ka ci, ɗan nema, ka ci. Je ka kwaso tumatirin mutane. Yau dai na yarda na yi miji."