Fitilar da Ta Kusa Shuka Mu a Gonar Hatsi

Ba na jin zan taɓa mantawa da damunar da farin ɗango suka sauka a Damargu. Lokacin ina mataimakin matuƙi a wani ƙaramin jirgi mai kai malaman gona duba ɓarna, kuma rahoton Kumandan, shugabana, wani dattijo ɗan Belbeji mara yawan magana, shi zai sa a ba ni jirgi ni kaɗai.

Ranar muka taso daga Tanut za mu Damagaram. A kujerar baya ga Kawu Habu, ƙanen innata, malamin gona ne daga Gangara, wanda ya gama cika gari da labarin ɗan yayarsa mai tuƙa jirgi (ni kuwa sai wani gyara gilashi nake).

Da muka doshi gari hadari ya rufe, ko hancin jirgin ba ma gani. A irin wannan saukar agogunan jirgi su ne idanunka. Kumandan na tuƙi, aikina guda ne tak: in dinga faɗa masa tsayinmu daga ƙasa.

Muka saki ƙafafun jirgi. Fitilu uku masu nuna ƙafafun sun fito daidai ya kamata su kama, biyu suka kama. Na danna ta ukun. Shiru. Na ƙwanƙwasa, na murɗa, na shiga bubbuga ta yadda babana yake yi wa tsohuwar rediyonsa.

"Tsayinmu nawa?" in ji Kumandan.

Ban ko ɗago kai ba na ce, "Har yanzu ba ta kama ba, Kumandan."

Sai ji na yi ya danna wuta, jirgi ya ɗaga kai. Ta wata ɓarakar gajimare na hangi gonar hatsi, kusa ƙwarai, har da wani mai jaki ya saki baki yana kallonmu. 

Muka kewayo, aka leƙa daga ƙasa aka ce ƙafafu lafiya lau, muka sauka. Ashe ƙwan ne kawai ya ƙone.

Kumandan bai yi faɗa ba. Cewa ya yi, "Ɗana, in wani abu ya lalace, wani ya ci gaba da tuƙa jirgin. Maganar ba ka jirgi kuwa, sai baɗi ke nan." Wallahi na so ƙasa ta tsage.

Kawu kuwa bai fahimci komai ba. Ya koma Gangara ya ce jirgi ya lalace a sama, ni na gyara shi da ɗan yatsa.

Baɗin ta zo, an ba ni jirgina, alhamdu lillahi. Yanzu ko duk fitilun duniya za su mutu, idona na kan tsayi. Amma duk zuwana gida, kafin in sha ruwa an jere mini cocila da rediyo a kan tabarma, wai in gyara. Ina bubbuga musu, don har yau ban samu bakin faɗar gaskiya ba.